Hajin A Gona, Hajin A Kunnen Yaranmu

Waɗanda suka saba bin wannan shafi sun san galibin zancenmu ba ya wuce na makaranta: kuɗin rajista, ƙarancin littattafai, jarrabawa, da iyayen da ba sa leƙo mu sai ran da aka koro ɗansu. To, yau za mu ɗan karkata mu yi zancen kiɗa, kiɗan ma na Turawa. Mun san akwai dattawan da za su ɗaure fuska tun daga nan, su ce malamin makaranta ya rasa abin faɗa. Muna roƙonsu su yi mana uzuri su karanta har ƙarshe, domin ba mu muka je neman kiɗan nan ba, shi ya biyo mu har cikin aji.

Ga yadda abin ya faru. Wata ranar Talata muna tsakiyar darasin Turanci da 'yan babban aji, sai muka lura da wani yaro a bencin baya ya tallabe kunci, kansa yana kaɗawa a hankali kamar na ƙadangare. Yaron nan ɗanmu ne, Bahaushe, yana cikin waɗanda suka zo mana daga Madani a watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙi ya ci garin, mutane suka kwararo ta Fawu har Gadarif ta cika ta batse, aka mai da makarantu masaukin baƙi. Tun da aka koma karatu aka rubuta sunansa a rajista, ba mu taɓa jin ya jera kalma biyar ba. Ba ya faɗa, ba ya dariya, ba ya tambaya. Muka lallaɓa ta bayansa, ashe 'yar igiyar nan ce ta kunne da yara ke kira samma'a ya zuro ta cikin hannun riga. Muka yi abin da kowane malami zai yi, muka karɓe wayar.

Da aka fita fatur muka zauna a ofishin malamai, muka ce bari dai mu ji abin da ya fi darasinmu daɗi. Wallahi da farko mun zaci wayar ce ta lalace. Ƙara ce kamar an ta da tarakta goma a cikin ɗaki ɗaya, ga wani bawan Allah yana kwarma ihu kamar wanda kunama ta harba. Abokin aikinmu mai koyar da Larabci ya karɓa ya ɗan saurara, ya yi a'uziyya, ya ce wannan ai kiɗan aljanu ne. Mu ma saura kaɗan mu yarda. Amma da yake Turancin sana'armu ce, sai muka daure. Can ƙarar ta lafa, wata murya dabam ta shigo, ita magana ce take zubowa da sauri, kalma bayan kalma, kowace a kan bugun ganga, babu tuntuɓe. Sa'an nan mai ihun nan ya dawo, ashe ya iya rera waƙa da murya mai taushi, ya amsa wa ɗan'uwansa. Nan take muka ji a ranmu cewa mun san wannan tsari a wani wuri.

Bayan an tashi yaron ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, kai a sunkuye. Muka ce masa da Hausa, “Shigo mana, ɗana. Su wane ne waɗannan masu ihu?” Ya amsa mana da Larabci, ya ce sunansu Linkin Park, ya fara ganinsu ne a gidan kallon ƙwallo, daren wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, ranar 31 ga Mayu 2025, da suka yi wasa a filin Munik kafin a take ƙwallo. Daga baya wani ɗan unguwarsu ya tura masa tsohon faifansu gaba ɗaya. Muka sake tambayarsa da Hausa ko yana jin abin da suke faɗa. Ya sake amsawa da Larabci, ya ce, “Ya Ustaz, na haddace su duka, na nemi fassararsu.” Muka gwada shi, sai ga yaron da ba ya iya karanta mana sakin layi ɗaya a aji yana zubo Turanci kamar famfo. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: sau uku muka yi masa Hausa, yana jin mu sarai, amma ko sau ɗaya bai mayar mana da ita ba.

Mun riƙe wayar kwana biyu, muka saurari faifan daga farko har ƙarshe, muka kuma bi tarihinsa. Sunansa Hybrid Theory, ya fito ranar 24 ga Oktoba 2000 daga kamfanin Warner Bros. na Amurka, waƙoƙi 12 ne a cikinsa, duka-duka ba su cika minti 40 ba. Tushen ƙungiyar wasu 'yan makarantar sakandare ne a jihar Kalifoniya, su Mike Shinoda da Brad Delson da Rob Bourdon, waɗanda suka fara haɗuwa a 1996 da sunan Xero. Sun sha yawo ƙofa-ƙofa kamfanonin waƙa suna korarsu. Sai a 1999 suka samu Chester Bennington daga garin Finiks na jihar Arizona, wato mai ihun nan, Shinoda kuwa shi ne mai zubo magana. Faifan nasu na farko ke nan, amma a shekarar 2001 babu faifan da ya kai shi ciniki a duk faɗin Amurka, inda aka sayar da kusan miliyan 5 a shekarar kaɗai, kuma kafin 2005 ta ƙare ya haura miliyan 10 a can.

Irin wannan kiɗa haɗin abu biyu ne da suka taso a gida dabam-dabam. Akwai rok, kiɗan jita mai lantarki da ganguna, wanda a lokacin aka fi alaƙanta shi da samarin Turawa, akwai kuma rap, wanda ya fito daga unguwannin baƙar fata na birnin Niyok, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya suka yi wa suna mai kyau, gambarar zamani. Ba Linkin Park suka fara aurar da su ba. Tun a 1986 'yan gambarar nan Run-DMC suka yi waƙa tare da makaɗan rok na Aerosmith, a 1992 kuma ƙungiyar Rage Against the Machine ta fitar da faifanta na farko, mai jitarsu Tom Morello ma mahaifinsa mutumin Kenya ne. Abin da waɗannan yara suka ƙara shi ne muryoyi biyu da ke karɓa wa juna a cikin waƙa ɗaya. Shinoda ya ba da labari daga baya cewa lokacin da ake ɗaukar faifan wasu a kamfanin sun so ya daina gambarar ya koma gefe yana kiɗa, a bar Chester shi kaɗai a gaba, amma ƙungiyar ta ƙi. A bangon faifan ma hoton soja suka sa mai fikafikan mazari, ƙwaron nan da ke shawagi a bakin ruwa da damina, don nuna tauri da taushi a jiki ɗaya.

Sunan faifan shi ya fi tsaya mana. Kalmar farko ta sunan, in aka juya ta zuwa Larabcin da muke yi kullum, ita ce hajin. To, wane manomi ne a ƙasar nan bai san hajin ba? A 1983 aka fito da irin dawar nan Hajin Dura 1, aikin wani masani ɗan maƙwabciyarmu Habasha, Gebisa Ejeta, da ya yi bincikensa a nan Sudan, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. Irin ya fi karɓuwa a gonakin ban-ruwa na Jazira. Mu nan Gadarif, da yake noman damina muke yi, mun fi sabawa da su fatarita da Wad Ahmad da Arfa Gadamak, waɗanda mutum zai zaɓi zangarniya mai kyau ya rataye, baɗi ya sake shukawa. Amma duk wanda ya taɓa aikin gona a Jazira ko a Rahad ya san halin hajin, ya san yadda yake cika buhu, ya kuma san sharaɗinsa.

Bari mu yi wa 'yan birni bayanin sharaɗin, don a kansa duk zancenmu na yau ya rataya. Masu samar da hajin suna riƙe da iyaye biyu, kowanne a gonarsa, a keɓe, ba a barin wata dawa ta kusance shi. In za a haɗa su, sai a shuka su layi-layi: layukan uwa, wadda aka zaɓa saboda bununinta ba ya haihuwa, da layukan uba, wanda iska ke kwasar bununinsa ta zuba wa uwar. Ƙwayar da aka girbe a kan uwar ita ce hajin, kuma in ka shuka ta, za ta fi uwar ta fi uban ƙarfi da yawan amfani. To, amma in rowa ta kama ka, ka ce ba za ka sayi sabon iri baɗi ba, ka ɗebi na rumbunka ka mayar ƙasa, sai gona ta fito maka kamar 'yan aji ranar da ba a sa yunifom ba: wannan dogo, wancan gajere, wani ya nuna, wani bai ko fid da kai ba, amfani ya ragu. In ka sake, ya ƙara lalacewa. Ƙarfin hajin daga iyayen nan biyu yake, kuma dole wani ya ci gaba da noma su dabam, shekara da shekara. Ran da ɗaya daga cikinsu ya ɓace, hajin ya ƙare.

Da wannan ido muka sake kallon yaran nan na Amurka. Shinoda, wanda mahaifinsa jinin Japan ne, tun yana ƙarami yake koyon piyano, ya kuma tashi da gambarar baƙar fata a kunnensa har ya ƙware a kanta. Chester kuwa kafin ya zo ya yi shekaru yana waƙar rok a wata ƙungiya a garinsu. Kowannensu ya zo da abin gidansu cikakke, shi ya sa da aka haɗa aka samu buhu cike. A shekarun nan an yi ɗimbin ƙungiyoyi da suka kwaikwayi haɗin ba tare da sun iya ko ɗaya daga cikin biyun ba, yau ko sunansu ba a tunawa.

Mun ce mun san tsarin nan a wani wuri. To, ina ne in ba gida ba? Wanda duk ya tashi a gidan da ake sa kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, ya san shugaba yana zuba magana, 'yan amshi suna karɓa, kalangu yana riƙe da su duka. Wanda ya ji Ɗan Anace yana zuga Shago a fagen dambe ya san ihu da kirari a kan ganga ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. 'Yan gambara na kasuwa da saurin bakinsu da zambonsu, da 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai suna jera sunayen abinci, duk sana'ar sarrafa harshe ce a kan kiɗa. A nan ma bari mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba: mun bi waƙoƙin nan 12 ɗaya bayan ɗaya da kunnen malamin Turanci, ba mu ji ashar ko ɗaya ba, alhali kuwa gambararmu ta gargajiya, in ta yi zafi, sai an kori yara daga wurin.

Mu kanmu Hausawan Sudan, in aka duba, hajin ne, kuma ba abin kunya ba ne. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji da ƙafa, wasu suka yi hijira bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu har garin ya ɗauki sunansa. Wasu suka tsaya noman auduga a Jazira, wasu suka gangaro nan suka kama noma da su da kasuwa. Muka zama 'yan Sudan, da jallabiyarmu da kisrarmu da Larabcinmu, ga kuma Hausa da fura da ƙosai a cikin gida. In ana neman shaidar abin da wannan haɗi ke haifarwa, ga A'isha Musa Ahmad, wadda duk ƙasar nan ta sani da A'isha al-Fallatiya. Iyayenta Hausawa ne, mahaifinta malami ne da bai so waƙar ba, amma ita ce macen da ta fara rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, har ta rasu a 1974. Ta iya bakin nan biyu, kowanne har ƙasansa.

Abin da ke hana mu barci shi ne, ɗaya daga cikin iyayen namu biyu an daina noma shi. Larabci yana da gwamnati, yana da makaranta, yana da masallaci da kasuwa da talabijin, babu abin da zai same shi. Hausa kuwa ba ta da gona sai tsakar gida, sai bakin uwa da kaka. A zamanin ƙuruciyarmu akwai rediyon baba da ke kamo Sashen Hausa na BBC da asuba, akwai kaset-kaset da alhazai ke kawowa, akwai tatsuniya da dare. Yau kowane yaro da wayarsa, kowace uwa da gajiyarta. Sa'an nan ga abin da ya faru a Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, da aka kashe mutanenmu aka ƙone gidaje, wasu suna cewa mu baƙi ne a ƙasar da aka binne kakannin kakanninmu, har jama'a suka fito zanga-zanga a nan Gadarif da Kasala da Hartum. Tun daga lokacin mun san gidajen da uwa ke ja wa ɗanta kunne kada ya yi Hausa a waje. Ba mu ga laifinta ba, tsoro halal ne ga mai 'ya'ya. Amma yaron da aka hana yin Hausa a titi, a hankali a ɗaki ma sai ya daina.

To, ka ga irin wannan yaro, Hausarsa ta tsaya a “zo ka ci abinci” da “je ka sayo sukari”. Sai ga yaƙi ya zo, ya ga abin da babba ma ba zai so gani ba, ya kwana a bayan babbar mota, ya bar abokai bai san inda suke ba. Zuciyarsa ta cika, yana neman bakin da zai faɗa da shi. Larabcin makaranta na jarrabawa ne, Larabcin titi na wasa ne da zagi, Hausar da kakarsa ke kuka da ita kuwa ba a ba shi ba. Sai ya tarar da wani Bature a Arizona, wanda iyayensa suka rabu yana ɗan shekara 11, ya faɗa shaye-shaye tun yana yaro, yana ihun ƙunci da fushi da rashin yarda da kowa. Yaron ya ji kamar cikinsa aka shiga. Ba ma mamakin ya haddace.

Kada a ɗauka muna tallan faifan ne. Muna da abin faɗa a kansa. Na farko, ƙarar da yara ke ƙurewa a cikin kunne tana kashe ji, wannan kowane likita zai gaya maka. Na biyu, kuma shi ne babba, waƙoƙin sun iya nuna inda ciwo yake, amma ba mu ga magani a cikinsu ba, daga ƙunci sai ƙunci. Shi kansa Chester, duk da dukiya da suna, ranar 20 ga Yuli 2017 ya kashe kansa yana da shekara 41, ƙungiyar ta yi shiru na shekaru, sai a 2024 ta dawo da wata mace, Emily Armstrong, a gurbinsa, ita ce ma yaron ya gani a Munik. Mu Musulmi an hane mu da yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma mun zaunar da yaron mun gaya masa haka, mun gaya masa ƙarshen mutumin da yake sauraro, don ashe bai sani ba. Game da hukuncin kiɗa a shari'a kuwa, wannan fagen malamai ne, ba ma shiga. Abin da muka sani a matsayinmu na masu riƙe da alli shi ne, in ka ƙwace waya yau, gobe ta aboki tana nan.

Masu cewa harshen gida ba ya kai mutum ko'ina a duniyar waƙa, su dubi nan kusa. A 2005, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin Arewa da Kudu, Abdulƙadir Salim ɗan Dilling, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin waƙa ta ɗauke shi, ya yi faifai ɗaya mai suna Ceasefire, wato tsagaita wuta, tare da Emmanuel Jal, ɗan Kudu da aka sa wa bindiga a hannu tun yana yaro. Salim ya zo da udinsa da mardum na Kurdufan, Jal ya zo da gambararsa cikin Nuwer da Larabci da Turanci, aka saurare su har Turai. A Nijar akwai Mdou Moctar, Buzu mai jita, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka bazu daga waya zuwa waya a cikin Sahara, daga baya ya cika dandali a Amurka, kuma da Buzancinsa yake waƙa. A Yamai tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney suke gambara da Hausa da Zabarmanci. A Kano an yi Ziriums, a Kaduna ga DJ AB. Waɗannan ba sai an fassara wa yaranmu su ba, in dai Hausar tasu ta kai.

Ran da za mu mayar da wayar, muka gindaya sharaɗi. Muka ce, “Ɗana, ga wayarka. Amma ran Alhamis muna son ka kawo mana layi takwas, irin na mai saurin bakin nan, a kan hanyarku daga Madani zuwa nan. Da Hausa.” Ya ɗago kai ya dube mu kamar mun ce ya ɗauko dutsen Fawu. Ya ce da Larabci ba a koya masa rubuta Hausa ba. Muka ce ya rubuta da baƙaƙen Larabci, ai kakanninsa da ajami suka yi wasiƙa shekara aru-aru, ba su jira boko ba.

Alhamis ta zo bai kawo komai ba. Alhamis ta biyu ya zo da takarda duk gogewa, layi biyar ne, rabinsu Larabci. Ya ce ya rasa kalmomi. Ya san yunwa da ƙishirwa, amma bai san yadda ake faɗin abin da mutum ke ji in ya waiwaya ya ga garinsu yana nisa ba. Muka ce ba mu za mu gaya masa ba, yana da kaka a gida? Ya ce tana nan, a rakuba take wuni, ba ta cika magana ba tun da suka zo. Muka ce ya je ya tambaye ta. Abin da ya ba mu labari daga baya shi ne, tsohuwar ta ba shi kalma uku, kewa da bege da alhini, ta kuma bambanta masa su ɗaya-ɗaya, daga nan zance ya ɓalle, ta ba shi labarin yadda nata kakan ya taso daga ƙasar Haɗeja da jaki ɗaya, ya yi shekaru a hanya yana noma yana gaba, har dare ya raba ba su tashi ba. Mahaifiyarsa ta aiko mana da gaisuwa da ƙullin riɗi, wai rabon da ta ji muryar su biyun haka tun suna Madani.

Layukan takwas sun cika a mako na huɗu. Ba za mu buga su a nan ba, nasa ne, kuma gaskiya ma'auninsu yana ɗingishi, akwai inda ya sa “shi” a wurin “ita”, kamar yadda yaranmu da yawa ke yi. Ya karanta su a gaban 'yan'uwansa biyar bayan an tashi, wani yana buga masa benci, wani ɗan Bani Amir da ba ya jin Hausa ko kaɗan ya ɗauki amshi bayan an koya masa. Har yanzu yana jin Linkin Park ɗinsa, mun sani, sai dai ba a ajinmu ba. Abokinmu mai Larabci ya leƙo ya ce aljanun sun koyi Hausa ke nan.

Yanzu yaran sun kai tara, kowace Alhamis bayan la'asar. Benci ya fara tsagewa, shugaban makaranta ya fara harararmu. Saboda haka muna cigiya ga masu karatu: duk wanda ke da tsofaffin kaset na Shata ko Ɗan Anace ko Ɗan Maraya Jos a ƙasan akwati, ya ba mu aro ta hannun editan wannan shafi, za mu juye su a waya mu mayar masa da abinsa lafiya. Haka kuma in akwai dattijon da ya iya kalangu a cikin Gadarif ko ƙauyukan kewaye, wanda zai iya ba mu awa ɗaya a mako, muna nemansa, shayi da kuɗin mota a wuyanmu.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.